Kurfayawa, Ku Gama Dariya, Maganar Kwaɗo Zan Yi

Ya ku Kurfayawa, mutanen Filinge da Shikal da Luma da Tukunus, ku aje kofin shayi tukuna, kada wani ya ƙware. Yau maganar kwaɗo na kawo muku. E, kwaɗo. Farashin hatsi a kasuwar Balleyara mun bar shi sai ranar Lahadi, siyasa kuma mun bar wa mutanen Yamai. Kwaɗon ma ba na tabkin bayan gari ba ne, na Kamaru ne, mazaunin wani kurmi da yawancinmu ba mu taɓa gani ba ko a mafarki. Cewa zan yi yana neman ƙarewa daga doron ƙasa, in kuma ƙara da cewa abin ya shafe ku.

Na san abin da za ku ce, don na san halinku. Alhaji mai shagon bakin tasha zai gyara zaman hularsa ya ce, "Ikon Allah! Boko ya kai inda za shi. Mutane na neman abin da za su sa a tukunya, shi kuwa kwaɗo yake yi wa kuka." Inna za ta ce a je wajen malam a karɓo mini rubutu in sha. Samarin fada kuma su ce wata ƙungiyar Turawa ce ta ba ni kwangila. To, in har akwai ƙungiyar da ke biyan kuɗi don a yi maganar kwaɗo, don Allah wanda ya san ofishinta ya raka ni, mu raba daidai.

Ku bari in fara da siffarsa. Babbansa yakan kai santimita 32 daga hanci zuwa gindi, ba a ma sa ƙafafu cikin lissafi ba, nauyinsa kuma ya haura kilo 3. Wato da za a ɗora shi a sikeli, a ɗora tiyar hatsi a ɗaya gefen, shi zai rinjaya. Duk duniya babu kwaɗon da ya kai shi. A shekarar 1906 wani masani mai suna George Boulenger, da ke aiki a babban gidan tarihi na Landan, ya shigar da shi littafin ilimi, ya raɗa masa sunan Jaluta, ƙaton nan da Annabi Dawuda ya kashe. Tsalle ɗaya yakan ci mita 3. Abincinsa ƙwari da tsutsotsi da ƙaguwa da ƙananan kwaɗi, har ɗan maciji in ya yi sake.

Na ji wani daga can baya ya ce, "Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya! Irin hotunan nan ne da ake haɗawa a waya." Ɗan'uwa, ba sai ka yarda da ni ba. Muna da dangi a Kamaru, Hausawan Briketeri a Yawunde da na unguwar New Bell a Duwala. Ka tambayi duk direban da ke bin hanyar Duwala zuwa Nkongsamba, ko ya taɓa ganin yara a bakin titi sun ɗaga shi ta ƙafafun baya suna talla. Shi zai ba ka labari, har ya ƙara gishiri.

Abin da ya jawo wa ƙaton nan matsala shi ne tsirfa. Bai yarda da kowane ruwa ba. Kwaɗonmu na gida ko a sawun saniya ruwa ya kwanta sai ya shiga ya yi waƙa. Shi wannan sai kogi mai gudu, garai-garai, mai sanyi, mai duwatsu da gangare inda ruwa ke zubowa yana kumfa, ga kuma manyan itatuwa sun yi masa rumfa. Irin wannan wuri a ƙasashe 2 kaɗai yake samunsa: kudu maso yammacin Kamaru, daga wajen Nkongsamba zuwa kogin Sanaga da abin da ya yi kudu, sai kuma ɓangaren Ikwatoriyal Gini da ke haɗe da Kamaru, wajen tsaunin Alen. Nan ne iyakar duniyarsa. Ba ya ci-rani, ba ya gudun hijira, ba shi da dangi a Abijan da zai je ya sauka wajensu in gida ya yi zafi.

Tsirfar ta fi yawa a ƙuruciya. Ƙwansa da 'ya'yansa masu wutsiya ba su fi na sauran kwaɗi girma ba, wanda ya gan su ba zai ce ɗan basamude ne ba. A makonnin farko kuma abincinsu kusan guda ne tak: wata ciyawar ruwa da ke manne a jikin duwatsu inda ruwa ke gudu da ƙarfi. In laka ta rufe dutsen, ciyawar ta mutu, yara sun kwana da yunwa. Ga wani abin kuma: duk girman nan nasa, ba shi da jakar maƙogwaron da sauran kwaɗi ke hurawa su cika gari da kururuwa. Iyakarsa ɗan fito. Babba a cikinsu shi ne mai ƙarancin surutu. Samarin fada, a yi koyi.

Yanzu ku gyara zama, don inda za ku ce na sha wani abu ne zan shiga. Kwaɗon nan gini yake yi. A shekarar 2019 wasu masana daga gidan tarihin halittu na Balin, a Jamus, tare da abokan aikinsu na Kamaru, cikinsu da Marvin Schäfer da Mark-Oliver Rödel, suka bayyana abin da suka gani a kogin Mpoula, kusa da garin Penja. A tsawon mita 400 na bakin kogin sun ƙirga wurare 22 da aka gyara don zuba ƙwai. Wani wurin share ganye da tarkace kawai aka yi. Wani kuwa haƙa aka yi, aka ture duwatsu gefe aka yi da'ira, faɗinta kamar mita 1, ruwa ya kwanta ciki lum, nesa da ƙarfin igiya da bakin kifi. Wasu duwatsun da aka ture sun kai kilo 2. Da suka kafa na'urar ɗaukar hoto ta dare, sai ga babba ya zo ya tsare wurin, bai gusa ba sai da gari ya waye.

Kafin ku ce sharrin Bature ne, ku sani masanan ma daga bakin mafarautan yankin suka fara jin labarin. Mafarautan cewa suke namijin ne magini, macen ce mai gadi. Kun ji fa, kwaɗo sai ya tanadi ɗaki kafin a zo maganar 'ya'ya. Akwai waɗanda na sani a garin nan, an ɗaura aure tun bara, har yau amarya a ɗakin uwar miji take kwana. Ban kama suna ba.

To me ke cinye shi? Na farko tukunya. Namansa abin marmari ne a can, ana binsa da dare da tocila da raga da tarko da mashi. Mafarauci kuwa ba ya wahalar da kansa kan ƙarami, babba yake nema, babban nan kuma shi ne mai haihuwa, shi ne mai iya ture dutse, shi ne wanda ya kafe a bakin ƙwai yana gadi lokacin da hasken tocila ya sauka kansa. Na biyu gatari. Ƙasar Penja da kewayenta ƙasar ayaba ce da barkonon masoro da koko da kwakwar manja. In aka sare kurmi aka yi gona har bakin ruwa, inuwa ta tafi, ruwa ya ɗumama, ƙasa ta zaizaye ta cika kogi da laka, maganin feshi ya biyo baya. Ga masu ɗibar yashi, ga madatsun ruwa na lantarki da ke sauya tafiyar koguna. Na uku son kallo. An yi shekaru ana kwasarsa zuwa Turai da Amurka don gidajen namun daji da masu kiwon abin mamaki, alhali ba ya jure zaman keji, da wuya ya hayayyafa a can. Har a 1990 wani ɗan kasuwa, Andy Koffman, ya kai su gasar tsallen kwaɗi ta Calaveras a jihar Kalifoniya. E, akwai gasar tsallen kwaɗi, kuma manya masu gemu ke taruwa kallo, saboda haka ku rage yi mini dariya. Aka yi ta cece-kuce cewa ƙattin za su murƙushe na gida. Ranar gasa ƙananan suka kayar da su. An raba shi da koginsa, ƙarfin ya zama na banza.

Tun 2004 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa shi a jerin masu fuskantar ƙarewa, bisa kiyasin cewa fiye da rabinsa ya tafi cikin shekaru 15. Dokar Kamaru ta hana kama shi, amma kun san yadda doka take in ta yi nisa da birni. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Wani babban bincike da aka fitar a 2023 ya duba nau'i sama da 8,000 na kwaɗi da danginsu, ya tarar kashi 41 cikin 100 suna cikin haɗari. Ko tsuntsaye, ko dabbobi masu shayarwa, ko macizai da ƙadangaru, babu waɗanda lamarinsu ya kai haka lalacewa.

Na ga Alhaji ya miƙa hannu. "To mun ji, Allah ya jiƙan kwaɗo. Mu ina ruwanmu? Mu da ko kogi ba mu da shi?" Ranka ya daɗe, ka tsaya a ƙofar shagonka ka dubi gabas ka dubi yamma. Duwatsun nan da suka tsaya a gefen kwari, me ka ɗauke su? Gaɓar kogi ce. Filinge a cikin Dallol Bosso take, Dallol kuwa tsohon kogi ne da ya taɓa kwaso ruwa tun daga Azawak da gefen Abzin ya kai shi kogin Kwara a wajen Bumba, shekaru dubbai da suka wuce. Shi ya sa rijiyar cikin kwari ba ta kai ta kan tudu zurfi ba, shi ya sa gawo ke jin daɗin wurin. Can cikin Tenere ma, a Gobero, inda yau ko tsiron ciyawa sai an sha wuya, a shekarar 2000 ayarin Paul Sereno mai neman ƙasusuwan dabbobin da can ya ci karo da kaburburan masunta, ga ƙashin giwan ruwa, ga na kada, ga na dorina. Mutumin da ya gina ɗakinsa a cikin gawar kogi, shi ne yau yake mamakin wai ruwa da abin da ke cikinsa na iya ƙarewa!

Na yarda, wancan ikon Allah ne, ba hannun kowa a ciki. Amma abin da ya faru a idon iyayenmu fa? Ku je wajen tsofaffin da suka ga farin 1973 da na 1984, ku ce su lissafa muku abin da ke dajin Kurfey da suna yara. Za su kira barewa, su kira jimina, su kira kura, su ce zabi har bakin gona. Ku ce su nuna muku ɗaya yau. Babu ranar da aka yi shela cewa barewa ta ƙare. Kullum ana cewa akwai su da yawa a gaba, har aka wayi gari gaban ma babu.

Mu dawo kan namu kwaɗin, waɗanda kuke shurewa a bakin randa. Ran da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, kafin isha gari ya ɗauka da kukansu, yara su ce daga sama suka faɗo. Ba daga sama ba ne, daga ƙarƙashin ƙafarku ne. Da damina ta ja baya sukan tona ƙasa su binne kansu, ko su lafe cikin tsagar laka da ramuka, su yi watanni suna jira, ga zafin bazara na ratsa ƙasa, ba ci ba sha. Ruwa na sauka su fito, su yi aure a daren, su zuba ƙwai. Daga nan tsere ne tsakanin 'ya'yan da rana: dole su fid da ƙafa su yar da wutsiya kafin tabki ya ƙafe. In tabkin ya riga su, zuriyar shekarar ta tafi.

Nan ne namu laifin ke shigowa. Motocin itace da ke lodin geza da sabara daga kan tudu zuwa Yamai ba itace kaɗai suke ɗauka ba. In tudu ya zama fako, ruwan sama ba ya tsayawa ya shiga ƙasa, sai ya kwaso rairayi ya gangaro da gudu, ya yanka gona, ya juye cikin tabki. Tabkin da ke kai wa har sanyi sai ya riƙa ƙafewa tun ana girbi. Kwaɗo zai fara ji a jikinsa, amma mai biye masa saniyarka ce, Alhaji, da matan da za su ƙara tafiya neman ruwa. Shi kuma kwaɗo ta fata yake shan ruwa, ta fata yake wani ɓangare na numfashinsa. Duk abin da aka zuba a ruwa, ko ragowar maganin feshi da aka wanke a bakin tabki, shi ne mai fara ɗanɗanawa. Ma'aikacin awon ruwa ne da ba ya karɓar albashi.

Aikinsa bai tsaya nan ba. Duk dare yana bakin gona yana lamushe fara da gara da ƙwari. 'Ya'yan burduddugi kuwa mafarauta ne a cikin ruwa, tsutsar sauro na cikin abincinsu. Indiya ta taɓa zama babbar mai sayar wa Turai cinyoyin kwaɗi, har sai da manoman shinkafa suka ga ƙwari sun yi musu yawa, kuɗin magani ya ƙaru, gwamnati ta hana fitar da su a 1987. Su wa ke cin cinyoyin? Faransawa na sahun gaba. Waɗanda suka zo suka ce za su waye mu, da cokali mai yatsu suke zama kan ƙafar kwaɗo.

Kada ku ce cinikin na nesa ne. Wani bincike da Meike Mohneke da abokan aikinta suka fitar a 2010 ya bi sawun busasshen burduddugi daga arewacin Benin, wajen Malanbil da ke tsallaken Gaya, da arewacin Najeriya da maƙwabta, zuwa kasuwannin kudancin Najeriya. Mutum 32 kacal da aka yi hira da su, abin da ke ratsa hannunsu a shekara ya haura miliyan 2 da rabi. Burduddugi dai har yanzu yana da yawa, bai shiga jerin masu ƙarewa ba. Kwaɗon Kamaru ma akwai lokacin da yake da yawa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Malam na gefen masallaci ya yi gyaran murya. "Ai kwaɗi azaba ce, da su aka jarrabi mutanen Fir'auna." Gafarta Malam, haka ne, yana cikin Suratul A'araf, tare da fara da ƙwarƙwata da jini da ambaliya. Amma ruwa ma yana cikin jerin, ban ga mun daina roƙonsa ba. Kuma kai ka fi ni sanin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda wani mai magani ya nemi izinin sa kwaɗo cikin haɗinsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe shi. Batun ci kuwa malamai sun saɓa, Malikawa sun sauƙaƙa, wasu mazhabobin sun hana, wannan fagenku ne, ba ni shiga. Amma yaron da ke jifar kwaɗo da dutse don nishaɗi, ba shi da mazhaba ko ɗaya da zai fake da ita.

Saura masu cewa aikin gama ya gama, abin da zai ƙare sai ya ƙare. Ku da kuke maƙwabtaka da raƙumin dawa bai kamata wannan magana ta fito bakinku ba. Irin namu na Afirka ta Yamma da can daga Senegal har tafkin Chadi yake yawo. A 1996 saura 49 kacal a duniya, duka a nan Nijar, wajen Kure da Dallol Bosso. Aka hana harbi da gaske, aka jawo mutanen ƙauyuka cikin aikin, aka taimaka musu da rijiyoyi da ƙananan basussuka don su jure ɓarnar da yake yi wa wake. Kafin 2018 sun haura 600, har suna leƙowa wajen Fandu, a shekarar ce kuma aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maradi. Shanun Azawak da ake ji da su a Tukunus ma ba da ka suka tsaya ba, tun zamanin Turawa ake zaɓen iri ana tsare shi. Kun iya riƙon abu in kun ga dama. Sai dai raƙumin dawa dogo ne, kyakkyawa, mai gashin ido, kowa na son hoto da shi. Kwaɗo kuwa Allah bai ba shi fuskar shiga hoto ba, shi ya sa ba shi da gata.

A Kamaru ma an fara. Akwai matasan masana da ke aiki da ƙauyukan gefen tsaunin Nlonako, suna mai da mafarauta masu ƙirga kwaɗin da kai rahoto, ana koya musu kiwon dodon koɗi don tukunya ta sami abin da za ta ci. Ba a ce an gama ba, amma an daina dariya.

Ni ban ce ku yi karo-karo ku aika wa kwaɗon Kamaru ba, na san ko na ce ba za ku ba da ko dala ba. Abin da nake roƙo bai kai nan ba. Mai feshi ya daina wanke tulunsa a tabki. Mai gatari ya bar itacen bakin ruwa. Tsiron gawo da kalgo da ya fito a gona a yi masa sassabe a bar shi ya tashi, yadda manoman Maradi da Damagaram suka yi har gonakinsu suka koma duhuwa. In an kira aikin gayya na tona rabin-wata a kan fako, a fito, ko babu buhun shinkafa a ƙarshensa. Yaro kuma in ya ɗauki dutse, a ce masa ya aje.

Na ji ana ƙus-ƙus wai za a naɗa ni Sarkin Kwaɗin Kurfey. Na karɓa hannu bibbiyu, ku zo da rawani da makaɗa. Amma ku sani sarautar da haraji take tafe: kowane mai gida dashe 1 a bakin tabki, ya kuma yi masa shinge saboda awaki. Alhaji mai shago, da yake kai ka fara dariya, naka 10 ne.